Yadda Bayarabe Ya Sa Na Faɗi Sunan Ɗan Farina

Da sunan Allah nake buɗe bakina, Shi da Ya saukar da cuta Ya kuma ajiye maganinta inda Ya ga dama, wani lokaci har a hannun Bayarabe. Sunana Garba, Bagobiri ne ni na Sabon Birni, manomin gero da dawa. Shekaruna sun kai saba'in ko sun kusa, ya danganta da tsohuwar da ka tambaya. Bokona a aji huɗu ya tsaya, ran da mahaifina ya duba ya ga gona ta fi makaranta buƙatata. Saboda haka wanda ya ga harafi ya karkace, ya miƙe shi da kansa, kada ya aiko mini. Na rubuta wannan ne don masu irin jinyar da munka yi, kada su ɓata wata guda cur kamar yadda munka ɓata.

Mara lafiyar ɗana ne, ɗan farina. A gida Babba ake ce masa. Ni ko Babban ma ban cika faɗi ba. In yana kusa in ce "kai", in ba ya nan in ce "wancan". Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san dalili: uba ba ya kama sunan ɗan fari, kunya ce, haka munka tarar. Uwarsa, Allah Ya jiƙanta, har ta koma ga Mahaliccinta ba ta taɓa furta sunan nan ba. Ga shi kuma sunan mahaifina na sa masa, kunyar ta zama biyu.

Shekararsa talatin da huɗu, da matarsa Rabi da 'ya'ya uku. Sana'arsa babur. Ya ɗauki mutane da kaya daga kasuwar Sabon Birni zuwa Burkusuma, ya dawo da abin da 'yan kasuwar Nijar sunka aiko. Tun yana yaro mai shiru ne, irin wanda za ka manta yana cikin ɗaki. Shirun nan ne ya ruɗe mu, don ciwon ya shigo ya ɓuya a cikinsa.

Makon farko, bayan an gama yankan gero, na fito da safe na tarar ya kwance madubban babur ɗinsa duka biyu.

Na ce, "Kai, ina madubbai?"

Ya ce, "Ta ciki suke kallona, Baba."

"Su wa?"

Ya dube ni kamar ni na aiko su. Ni kuwa da bakina da ba ya zama, na ce ai ko ni ke ganin wannan fuskar kullum a madubi da na daɗe da kwance shi. Na yi dariyata na wuce gona. Dariyar nan har yau tana tsaye mini a wuya.

Mako na biyu ya daina fita aiki. Ya tura wayarsa cikin rumbu, ƙarƙashin damman gero. Ya daina cin tuwon Rabi, ya ce an sa wani abu. Ba ya cin komai sai gyaɗar da ya ɓare da hannunsa, ba ya shan ruwa sai wanda ya ja da kansa a rijiya. Sai ka gan shi zaune gindin katanga ya karkata kai kamar mai sauraren rediyo, can ya ce, "Ƙarya ne," can kuma ya ce, "To, na ji." Rabi ta ce barci ya ƙaurace masa gaba ɗaya. Wuyansa ya fito, wandonsa ya fara zamewa.

Mako na uku likitocin gida sunka iso, waɗanda ba su taɓa shiga aji ba amma ba su taɓa rasa sunan cuta ba. Shugabarsu ƙanwata ce, Kulu, da ke aure a Kamarawa. Ta taho da ƙunshin hayaƙi ya kai girman kan jariri.

Ta ce, "Iska ce, Yaya. Mutum kullum shina ratsa gulbi da tsakar rana, ba sallama ba komai. Ai dole shi taka ɗiyan wasu."

Wani maƙwabci ya ce ƙwaya ce, duk 'yan babur haka suke. Wani ya ce sammu ne daga abokan sana'a. Anka yi hayaƙi har awakina sunka kama tari, shi bai ko motsa ba. Anka kawo rubutu, ya ƙi sha. Munka kira wani malami mai ruƙiyya, ya yi karatu kwana uku. Ina shaida masa a gaban Allah, da zai tafi ya ja ni gefe ya ce, "Malam Garba, na yi abin da na iya, Allah Shi sa albarka. Amma ku kai shi asibiti." Na ce to. To ɗin nan ta baka ce kawai. A raina cewa nake, asibitin masu taɓin hankali? In anka ji, wa zai ƙara hawa bayan babur ɗinsa?

Mako na huɗu, ranar wata Juma'a da hantsi, ya fita bai dawo ba. Kwana biyu muna nema. Ku da kuke zaune a wannan yankin kun san abin da ake nufi a zamanin nan in an ce mutum ya shiga daji shi kaɗai. Wani makiyayi da ya san shi a hanya ne ya gan shi gaba da Burkusuma, ba takalmi, ƙafafu duk ƙaya. Ya tambaye shi ina za shi, ya ce za shi neman danginsa. Bawan Allah nan ya lallaɓa shi ya kawo mana shi har ƙofar gida.

Nan ne na yi abin da ya fi komai yi mini nauyin rubutawa. Jama'a sunka ce a ɗaure shi kafin ya sake fita. Na ɗauko sarƙar da nake ɗaure shanun huɗa, na zagaya ta a ƙafarsa, na haɗa da iccen darbejiyar tsakar gida. Da hannuna na datse kwaɗon. Bai yi kokawa ba. Ya dai kalli ƙafar, ya kalle ni, ya ce, "Da ɗanka ne da ba ka yi ba." Na ɗauka maganar ciwo ce, na bar ta ta wuce.

Kwana biyar yana nan. Ran na shida Rabi ta same ni a zaure ta durƙusa. Yarinyar nan shekara goma tana gidana ban taɓa jin muryarta ta wuce gaisuwa ba.

Ta ce, "Baba, ka gafarce ni, yau za ni yi rashin kunya. Asiya ta tambaye ni ko babanta ya zama sa ne." Asiya ita ce babbar ɗiyarsu, shekararta bakwai. Sai ta zaro takarda daga bakin zanenta. Ashe ta je asibitin garinmu ita kaɗai, ta yi bayani, an rubuta mata takardar zuwa babban asibiti can wajen Sakkwato. Ta ce, "Ko ka raka mu, ko mu tahi mu biyu."

Tumaki biyu sunka bar gidan a ranar, don jinya ba ta tafiya da addu'a kaɗai. Washegari munka shiga mota bayan rana ta fito sosai, tunda hanyarmu yanzu tana da lokacin binta. Na zaunar da shi tsakanina da Rabi. Sarƙar ban cire ba, na naɗe ta a ƙaurinsa na saki wando a kai, don tsoron kada ya dira.

Ba za ni faɗi sunan asibitin ba, don ina da godiya ina kuma da ƙorafi, ba na son ɗaya ya ɓata ɗaya. Mun isa bayan azahar anka ce an rufe yankan kati, sai gobe. Wanda ya taso daga iyakar Nijar da mara lafiya a ce masa sai gobe, kamar daga bayan katanga ya zo. Washegari tun da sassafe munka shiga layi, benci uku ga mutum ya fi ɗari, ba mu kai ga taga ba sai da rana ta take.

Mai yankan kati bai ɗago kai ba ya ce, "Sunan mara lafiya?"

Na dubi Rabi. Rabi ta dubi ƙasa. Ai ita ma mace ba ta kama sunan mijinta, Baban Asiya take ce masa. Shi kuwa mai sunan yana can yana sauraren mutanensa.

"Baba, suna na ce. Ko ba ku san shi ba ne?"

Na ce, "Mun san shi ƙwarai. Sunan mahaifina gare shi."

"To mi sunan mahaifin naka?"

Na ce, "Kai yaro, ba ka da kunya?"

Mutanen layi sunka fashe da dariya, wasu na cewa a ba su wuri. Allah Ya taimake mu Rabi ta zo da katin zaɓensa, ta tura ta taga, ya kwafa yana tsaki. Ban san akwai wani gajeren tsoho tsaye bayan tagar yana neman fayil, yana jin duk abin da ake yi ba.

Shi ne likitan. Da anka kira mu ɗakinsa na gan shi, furfura fat, tabarau an ɗaure ƙafarsa guda da zare, hula ta karye gefe irin ta Yarbawa. Sunansa Dakta Lasisi, kamar takardar tuƙin mota. Yana ganin tsagen fuskata ya ajiye biro.

Ya ce, "A'a! Yau bayina sun kawo gaisuwa. Bagobiri, wace kyanwa ta yakushe ka haka?"

Da Hausarsa tsaf, irin tamu ta Sakkwato. Wanda bai sani ba, tsakanin Gobirawa da Yarbawa wasa ne tun kakanni, kowa na cewa ɗayan bawansa ne. Wata guda ban yi dariya ba, amma ba a barin Bayarabe ya ci bulus. Na ce, "Wanda ya fara ɗinka maka hular nan rasuwa ya yi bai gama ba?"

Ya yi dariya har da buga tebur. Sai Babba ya gyara zama, sarƙa ta yi ƙara. Dariyar ta ɗauke kamar an hure fitila. Ya sunkuya ya ɗaga ƙafar wandon, ya ga inda ƙarfe ya ci fata.

Ya ce, "Makullin na hannun wa?"

Na ce nawa.

"Buɗe. Ba ni za ka ba ba. Hannun da ya rufe shi zai buɗe."

Na durƙusa gaban ɗana na buɗe kwaɗo. Sannan ya ce ni da Rabi mu yi shiru, wanda a wurina ya fi azumin bazara wuya. Ya jawo kujerarsa daga bayan tebur ya ajiye kusa da ta Babba, kafaɗa da kafaɗa, kamar masu jiran mota. Mu wata guda muna ce masa babu kowa, babu mai magana. Shi cewa ya yi, "Su nawa ne? Maza ko mata? Mi suke ce maka?" Babba ya juyo ya kalle shi. A watan nan kaf ba wanda ya kalla haka.

Bayan an gwada jini da fitsari anka ce babu ƙwaya ko ɗaya, ina fata maƙwabcina zai sa a karanta masa wannan layin sau biyu. Likita ya ce sunan ciwon saikosis. Na ce, "Sai ƙosai?" Ya ce in na ga dama in kira shi haka, amma kalmar mahaukaci kada ya ƙara jin ta a bakina, a ɗakinsa ko a waje. Ya ce ciwo ne na ƙwaƙwalwa kamar yadda ake ciwon suga, mutum ya ji murya babu mai magana, ya gaskata abin da babu shi, kuma a wurinsa gaskiya ne kamar yadda nake ganin tebur ɗin nan. Ya ce, "Addu'a kada ku bari. Magani kada ku bari. Ba kishiyoyin juna ba ne."

Anka ba shi gado. Allurar farko ta sa ya yi barcin da ya yi wata bai yi ba. Amma ƙwayar magani ya ƙi. In nas ta ba shi ya ɓoye ƙarƙashin harshe, tana juya baya ya tofar. Mako na shida ya shiga muna nan. Likita ya gaya mini gaskiya: ba za a riƙe shi a asibiti har abada ba, in bai yarda ya karɓi magani daga hannun wani na gida ba, ranar da munka koma Sabon Birni abu biyu ke jiransa, daji ko iccen darbejiya.

A kwanakin nan ne na san ko wane ne Lasisi. In ya gama zagayen marasa lafiya sai ya zo bencin da nake zama, ya ci gyaɗata ba tare da ya roƙa ba, halin bayi. Ya ce hidimar ƙasa ta kawo shi Arewa, shekara ɗaya tak, ga shi ya shekara talatin da biyu. Abokan karatunsa sun zama masu fiɗa, wasu sun tsallaka ƙasashen waje. Mahaifiyarsa har ta rasu in an tambaye ta aikin ɗanta sai ta ce likitan ciwon kai ne. Ya ce lokacin da ya fara, da marin ƙarfe a ƙafa ake kawo mutane, wanda maƙeri ya dasa babu makulli, abin da ya fara saya da albashinsa zarto ne. Ya kuma ce shi ma ya yi nasa kuskuren. Yana sabon likita yakan danna wa mutum magani har ya sandare kamar icce, ya ɗauka shirun nan sauƙi ne. Wata tsohuwa ce ta ce masa, ɗan da na kawo maka yana faɗa da ni, wannan da ka ba ni ko sannu ba ya cewa. Tun ranar ya koma tambayar mara lafiya kafin ya tambayi littafi.

Wata ranar Talata ya zo bai taɓa gyaɗar ba. Ya ce, "Bagobiri, mi sunan ɗanka?"

Na ce, "Shina cikin fayil ɗinka. Ko karatun ma ba ka iya ba?"

Ya ce, "Jiya ya gaya mini abin da muryoyin ke ce masa. Kwana goma sha biyu ina jira. Sun ce shi tsintacce ne, a hanyar Nijar kunka tsince shi. Shi ya sa ya nufi can. Shi ya sa ba ya cin abincinku, don a ganinsa baƙo ake son kawarwa. Kuma sun ba shi hujja. Ƙannensa shida kana kiran kowa da sunansa. Shi ba ka taɓa ba. Uwarsa ba ta taɓa ba. Matarsa ba ta yi, ƙannensa Yaya suke cewa, 'ya'yansa Baba, a tashar babur Dogo. Na ga abin da ya faru a wurin kati. Mutum shekara talatin da huɗu, sunansa na kwance a katin zaɓe kawai."

Raina ya ɓaci. Na ce, "To kunyarmu ce ta hauka..."

Ya ɗaga yatsa. Na haɗiye sauran.

Ya ce, "A'a. Ko sau ɗari kake kiransa a yini da ciwon ya zo. Amma ciwon nan ba ya tahowa da kayan gini. Abin da ya tarar a gida da shi yake gini. A gidan wani ya tarar da rigimar gado, a gidanka ya tarar da kunya. Na san kunyarku, ina ganin girmanta, mu ma muna da tamu. Ban ce ka yar da ita ba. Aronta nake nema na ɗan lokaci. Ka kira shi da sunansa, ka ba shi magani da hannunka. Ban yi maka alkawarin zai karɓa ba."

Wanda ba ɗan ƙasarmu ba zai ce mene ne abin wuya a nan. Na zagaya bayan ɗakin marasa lafiya, na sami wani icce na tsaya gabansa ina gwadawa. Bakina ya buɗe, sunan ya taho har maƙogwaro ya koma. Sunan mahaifina ne fa, mutumin da ban taɓa zama a gabansa ba sai a durƙushe. Ina cikin haka wata mai shara ta tsaya ta jingina tsintsiya, ta ce, "Baba, kai kuma daga wane ɗaki ka fito?"

Washegari da safe nas ta ba ni ƙwaya ɗaya da kofin ruwa. Na zauna bakin gadonsa. Tun da anka yaye shi ban zauna shimfiɗa ɗaya da shi ba. Ya ba ni baya yana kallon bango.

Na ce, "Haruna."

Muryar da ta fito ban san ta ba. Bai juyo ba, amma kafaɗarsa ta tsaya cak.

Na ce, "Haruna na Garba. A ɗakin gabas anka haife ka, wanda yanzu muke zuba ƙaiƙayi. Kakanka ya rasu da wata huɗu. Ranar sunanka ruwa ya kayar da zanar zaure a kan liman. Ragon fari ne mai baƙin kai, ya tsinke igiya sai bakin kasuwa anka kamo shi. Na sa maka sunan tsohona don in riƙa jin ana kiransa a gidan. Sai ga shi ni na fara rufe shi a ciki."

Ya juyo a hankali. Ya ce, "Likita ya sa ka."

Na ce, "Shi ya sa ni. Amma ba shi ya gaya mini launin ragon ba."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya koma ga bangonsa. Bai sha ba. Ina faɗin wannan don kada wani ya ɗauka abin kamar yankan wuƙa ne. Washegari ma bai sha ba. Kullum in zo in kira sunan in ba shi wani labarin, na ranar da anka yi masa kaciya ya ciji wanzami, na jakin da ya kayar da shi a fadama. Rabi na tsaye bakin ƙofa tana toshe baki da mayafi, ban san dariya take ko kuka ba. Rana ta huɗu ina cikin magana sai na ga ya buɗe tafin hannunsa a kan gado. Na ɗora ƙwayar. Ya haɗiye, ya buɗe baki ya ɗaga harshe ya nuna mini, ba wanda ya ce ya yi.

Sauƙin da kaɗan kaɗan ya zo. Maganin farko ya sa wuyansa ya ƙage, yawu na zuba, hannu na rawa. Na je na ce wa Lasisi ya mayar mini da ɗa raƙumi. Bai yi musu ba, ya rage, ya ƙara wani. Muryoyin sunka koma nesa, ya ce kamar ana hira a gidan maƙwabta, daga baya sunka yi shiru. Mako na tara anka sallame mu. Ranar da ya sa hannu a tuwon Rabi, fita ta yi daga ɗakin da gudu.

Yanzu ga kuskure na biyu, wanda na fi son ku ji. Da damina ta faɗi ya yi ƙiba, yana noma, yana wasa da 'ya'yansa. Kulu ta zo ta ce ai ya warke, maganin nan nauyin jiki kawai yake sa masa, mai lafiya ba ya shan magani. Ga wahalar hanya, ga tsadar mota. Na ce gaskiyarta. Munka bari. Mako biyar da barin maganin Rabi ta gan shi tsaye bakin rijiya yana jan ruwansa daban. Ba ta jira shawarata ba, ita ta nemo mota.

Ranar nan Lasisi bai kira ni bawa ba, bai tambayi kyanwa ba. Ya ce, "Malam Garba, zauna." Ban taɓa jin zagin da ya kai wannan girmamawar ciwo ba. Ya ce lafiyar da nake gani maganin ne ke riƙe da ita, ranar da za a rage shi ne zai faɗa, ba Kulu ba. Ya mayar da shi kan allura sau ɗaya a wata, ya haɗa mu da wani ma'aikacin lafiya a garinmu da zai riƙa yi masa, sai bayan wata uku mu je a duba shi. Sai da munka kai ƙofa ya ce, "Ka gaida mini sauran bayi." Sannan numfashina ya dawo.

Saboda haka ku da kuke da irin wannan a gida: kada ku jira mako huɗu, kada ku ɗauko sarƙa, kada ku bar magani don kun ga ƙiba. Kuma ku tambayi mutum abin da yake ji, ku saurara, ko da abin bai da kai.

Bana Lasisi ya yi ritaya. Zuwanmu na ƙarshe ya miƙa fayil ɗin Haruna ga wata matashiyar likita da ya koyar, ita ma na ga ta jawo kujera ta zauna a gefe. Na kai masa zabi biyu na ce sadaka ce ga bawa, ya karɓa ya ce haraji ya makara. Na tambaye shi, shekara talatin da ɗoriya, me ya samu? Ya ce yawan waɗanda ya duba bai sani ba. Ya ce likitan ido in ya shiga kasuwa kowa na gaishe shi. Shi kuwa wanda ya warke sosai shi ne ke wuce shi kamar bai san shi ba, don kada a tambaya a ina sunka saba. Ya ce, "In na ga mutum ya kau da kai yana cinikin tumatir da ɗansa a hannu, ranar nan ina cin abinci da yawa." Allah Ya ba shi lafiya a garinsu, Ya shirye shi ya gane ubangidansa.

Haruna ya koma kan babur. Wasu sun guje shi da farko, 'yan kasuwar Burkusuma kuwa sun ce su dai kayansu ba su taɓa ɓata a hannunsa ba. Ni kuma bakina da ya buɗe ya ƙi rufuwa. Ran kasuwar da ta wuce na hango shi a tasha cikin abokansa, na ɗaga murya tun daga rumfar masu goro: "Haruna! Haruna, ka ci abinci?" Tasha duka ta juyo. Wani ya ce tsoho ya fara ruɗewa.

Da la'asar ya same ni a zaure ya durƙusa, yana wasa da makullin babur, idonsa a ƙasa.

Ya ce, "Baba, don Allah wata alfarma."

Na ce ina ji.

"Sunan nan. Mutane na dariya. Ni kaina nauyi nike ji. Ka koma yadda kake."

Na dube shi. Mutumin da ya taka ƙaya har iyakar Nijar don ba a kiran sunansa, yau shi ne durƙushe yana roƙon a bari don kunya. Na yi kamar ina gyara rawani, don kada ya ga idona.

Na ce, "A kasuwa na bari. Amma da safe in ka zo gaisuwa, sau ɗaya, wannan ba za ni bari ba. Bayarabe ya rubuta, ba a tsayar da magani sai da izininsa, ga shi kuma ya tafi."

Ya yi murmushi. Can ya ce, "To. Amma a hankali, kada Rabi ta ji."

Daga bayan zana Rabi ta ce, "Na ji."